Gwangwanin Bahago

A gidan nan an raba aiki tun da daɗewa. Ita ke yankawa, shi ke yagawa.

Ita ce mai sana'ar. Takan shafa wa fararen takardu fenti da hannunta, ta shanya su a igiya kamar wanki, in sun bushe ta yayyanka da almakashi, ta jera a kan allon kwali, ta liƙe da gam. Ba ta yin hoton mutum, ba ta yin doki ko bishiya. Launi ne kawai kusa da launi, wani ya hau kan wani, wani ya leƙo ta ƙarƙashi. Maƙwabta in sun shigo sukan tsaya gaban allo su karkata kai hagu, su karkata dama, sannan su tambaya cikin ladabi ko a kife aka rataye shi. Tun tana bayani har ta gaji, ta koma cewa, "Ke me kika gani?" Duk abin da mutum ya faɗa sai ta ce ai shi ne. Amma masu ɗakunan baje koli sun san ta, kuma ayyukanta na rataye a gidajen mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Mijinta kan kira ta Gwana, rabi yabo rabi tsokana. Shi kuwa kowa Bahago ke ce masa, tun daga abokan aikinsa na maɗaba'a har mai gadin layinsu, don da hagu yake komai. Ita dai Malam take cewa a gaban mutane da gaban 'ya'ya. Sai sun shiga ɗakin aiki sun turo ƙofa yake komawa Bahago.

A bakin injin yanka takarda ya yi rayuwar aikinsa. Daga safe zuwa yamma yana sauke wuƙa a kan tulin takardu, a miƙe sambal, ba a yarda da karkata ko ta tsinin allura ba. Wata yamma, shekara talatin da ɗoriya ke nan, ya dawo ya tarar da ita tana kokawa da wata shuɗiyar takarda. Yagagge take so, ba yankakke ba, don ta lura allon da duk almakashi ya yi shi tsauri gare shi, ido ba ya samun wurin hutawa. To amma Gwana ba ta da haƙuri ko na anini. Fizga take yi, kyat, gefen ya fito siriri a ƙeƙashe.

"Ba haka ake yi wa takarda ba," in ji shi. "Lallaɓa ta ake yi."

Ya karɓa, ya danna farcen babban yatsa a saman takardar, ya jawo ɓarin hagu zuwa ƙirjinsa sannu-sannu. Takardar ta rabu tana ƙara ƙasa-ƙasa, fentin ya saɓule daga gefe ya bar farin naman takardar a waje, faɗin ɗan yatsa, mai laushi. Gwana ta ajiye guntun kusa da wani ja da ta yanka mai kaifi, ta ja baya ta duba, ta ga ido ya samu wurin hutawa.

Tun daga ranar ya zama mai yagar gidan. Kowace yamma yakan zauna a ƙarshen tebur ya yaga fiye da abin da ake bukata, rarar ya zuba a wani babban gwangwanin biskit. Gwangwanin nan bai taɓa nuna gindinsa ba. Suna da dokoki biyu kuma, waɗanda ba wanda ya rubuta. Ta farko, ba a sa gam sai aiki ya kwana uku a jere a kan allo, an danne shi da tsofaffin haruffan dalma da ya kwaso daga maɗaba'a, don abin da ya yi kyau yau yakan wayi gari ya zama shirme. Ta biyu, ba a sa gam sai Bahago ya gani.

Wata bakwai da suka wuce, da safe, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, maganar ta fito a karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ba ta tashi kama shi ba sai ta hagu.

Magana ta dawo masa. Ƙafa ma ta dawo, sai dai jan ta yake yi, da sanda. Hannun ne ya kwanta a cinyarsa, yatsu a lanƙwashe. Likitar gashin ƙashi, mai motsa gaɓoɓi, ta ce hannun bai mutu ba, akwai motsi a babban yatsa da manuni, amma in aka ci shekara ba a sa shi aiki ba, zai ƙage ke nan har abada. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ba kyanwa. Ya sa aka juya masa kujera a falo ta fuskanci tagar titi, ƙofar ɗakin aiki tana bayansa, kuma bai sake taka ɗakin ba. Gwana ta yi lallami, ta yi faɗa, ta yi kuka a banɗaki da famfo a buɗe. Ya yi biris da ita.

Abu ɗaya ne ya rage tsakaninsa da teburin nan. Kowace safiya in ta ɗaura tsohon ɗankwalin aikinta za ta wuce, sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Gwana, gwangwani da saura?"

"Da saura."

Sai ya gyaɗa kai, fuskarsa ta ɗan saki. Wannan ɗan sakin fuskar shi ne duk abin da take samu a wuni, kuma tana ƙaunarsa fiye da yadda za ta iya faɗa. A ganinta da shi yake rayuwa, da sanin cewa hannunsa na nan cikin aikin ko da shi yana falo.

A wata na biyar ta sa hannu a gwangwani ta ji ƙarfe. Ta leƙa, ta ga fuskarta a gindinsa, a murguɗe. Washegari ya yi tambayarsa, bakinta ya ce "Da saura" tun kafin ta yi shawara da zuciyarta.

Daga nan ta shiga aikin ɓoye. Ranar Talata autarsu, wadda ke aure a can ƙarshen gari, takan zo ta kai shi wurin gashi. Da motar ta bar ƙofar gida sai Gwana ta zauna a kujerarsa ta ƙarshen tebur ta kama yaga. Ta ɓata takardu ba adadi. Tana cije leɓe, tana ja wa kanta kunne kamar ƙaramar yarinya: a hankali, ke dai a hankali. Har farce take dannawa a sama yadda yake yi. Da tafiya ta yi tafiya farin gefen ya fara faɗi, ya fara laushi, har ta ɗaga wani a hasken taga ta ce wa kyanwa, "Ko shi ba zai gane ba." Hankalinta duk yana kan faɗin farin. Shekara talatin tana kallon gefen takarda, ba ta taɓa tsayawa ta kalli hannun da ke ja ba.

Ranar wata Asabar Auta ta leƙa ɗakin aiki ta tarar da babban allo a kan tebur, shuɗi iri-iri sun hau juna, ga wani siririn ja ya ratsa su a karkace. Kwanansa uku ke nan, kwalbar gam na gefe a buɗe.

"Mama, wannan ya yi. Baba ya gani?"

"Rabu da shi. Ba ya son gani."

"Ai kuwa yau sai ya gani."

Kafin Gwana ta ajiye buroshi, Auta ta ɗauki allon a kwance kamar faranti ta yi falo da shi. Uwar ta biyo ta da gudu tana cewa, "Ke, a hankali, ba gam a jiki!" Auta ta dire shi a kan ɗan teburin da ke gaban mahaifinta, ta tsaya tana haki tana murmushi.

Bahago ya so ya kau da kai, ido ya ƙi. Ya sunkuya. Ya bi jan nan da kallo daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai. Sannan ya koma kan shuɗayen, ya tsaya cak. Ya ɗora yatsan hannun dama a kan wani farin gefe.

"Wa ya yaga wannan?"

Gwana ta sha jinin jikinta. "Daga gwangwani na ɗauko."

"Ban tambaye ki inda kika ɗauko ba."

Takardun Gwana suna da sama da ƙasa. Takan fara shafa fenti da kauri daga sama, ya riƙa tsinkewa har ya iso ƙasa ya yi fayau, don haka ba a juya su. Bahago ya bi gefen da yatsa. "Ga sama, ga ƙasa. Ni ɓarin hagu nake jawowa, farin ya zauna a hagu. Wannan a dama yake. Wannan ma. Da wannan." Ya ɗago ya dube ta. "Mai hannun dama ne ya yi aikin nan, kuma ya sha wahala."

Auta ta dubi uwa ta dubi uba, murmushin ya bushe.

"Yaushe ya ƙare?"

"Wata biyu ke nan."

"Wata biyu." Ya maimaita a hankali. "Kullum ina tambaya."

"Malam, don kada ranka ya ɓaci ne."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce wa Auta ta miƙo masa sanda, ya ja ƙafa ya shige ɗaki.

A bakin ƙofa, tana neman makullin mota a jaka, Auta ta ce, "Mama, ni ban san kan aikinku ba. Amma in ni ce kullum ake ce mini da saura, me zai tashe ni daga kujera?"

"Ke dai kama hanya, mijinki na jira," in ji Gwana. Ta rufe ƙofa, maganar kuwa ta riga ta shige.

Washegari ta ɗaura ɗankwali ta zo wucewa, ta rage tafiya a bayan kujerarsa. Bai tambaya ba. Ta tsaya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Bai tambaya ba dai. Ta shiga ɗakin aiki ta zauna, sai yanzu ta gane abin da ta yi. Tana ganin tana riƙe masa wurinsa ne a tebur, ashe zama ta yi a kai.

Ta ɗaga haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ta zare duk guntun da ta yaga, sha ɗaya cif, ta zuba a kwandon shara. Allon ya koma duk giɓi, jan nan shi kaɗai a tsakiya kamar an manta da shi. Ta juye gwangwani, ta ɗauko shi ba murfi, ta ajiye kusa da kofin shayinsa.

"Na yi maka ƙarya, ka yafe mini. Babu saura. Ni kuma ban iya ba."

Ya dubi gwangwanin ta wutsiyar ido. "To ki yi da almakashi kaɗai."

"Na yi, kafin ka sa hannu. Wa ya ce mini kamar an jera wuƙaƙe a kanti?"

"Mai ɗakin baje kolin da kika yi wa alkawari fa? Ba jiran allon take yi ba?"

"Na kira ta. Na ce ba wannan karon ba."

Sai ta kwance ɗankwalin aiki, ta jawo kujera kusa da tasa, ta zauna tana taya shi kallon titi.

Wanda bai taɓa ganin Gwana a zaune ba aiki ba bai san fitina ba. Ƙafa tana kaɗawa, yatsu suna kiɗa a hannun kujera. Ba wanda zai wuce ta ƙyale shi. Mai shagon tsallake ya shafa wa ƙofarsa koren da bai dace da bangon ba. Matar bene na biyu ta shanya jan zane kusa da ruwan hoda, ko idonta ba ya ciwo? Direban bas ɗin can wa ya ba shi lasisi? Ta gyara masa matashi sau goma, ta sake masa shayi tun bai huce ba. Kyanwa ma ta tattara ta koma kicin.

A rana ta uku ya ce, "Gwana, ba ki da aikin yi ne?"

"Babu."

A rana ta biyar, wajen hantsi, tana tsakar bayanin abin da ke damun allon tallan mai gyaran waya, ya buga sanda a ƙasa.

"Ɗauko gwangwanin nan. Gara in je in ji kunya da in ƙara wuni ɗaya da ke a haka."

Tafiyar daga falo zuwa ɗakin aiki taku goma sha biyu ce. Ta bi shi a baya rungume da gwangwani, ba ta kama shi ba, ko da yake hannunta na ƙaiƙayi. Ya zauna a ƙarshen tebur yana numfashi. Ya dubi igiyar shanya, ya nuna wata shuɗiya mai duhu da haɓa. Ta sauko masa da ita.

Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu ya ɗora a kan tebur, kamar kayan wani aka ba shi ajiya. Ya cusa saman takardar tsakanin babban yatsa da manuni. Ya ja. Takardar ta zame, ko tsaga ba ta yi ba. Ya sake, ta sake zamewa. A na uku yatsun suka ƙi buɗewa ma, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ture takardar da hannun dama har ta faɗi ƙasa.

"Kin gani ko? Abin da kike son gani ke nan?"

Gwana ta sunkuya ta ɗauko. Kalmomi sun cika mata baki, na lallami da na faɗa, ta haɗiye su duka. Ta shimfiɗa takardar a gabansa, ta ɗora tafin hannunta a kan ɓarin dama ta danne.

"Ni zan riƙe nan. Ba zan ja ba. Kai ka taimaki ɗan'uwanka da na dama."

Ya daɗe yana kallon hannunta, mai tabon fenti a ƙarƙashin farce. Sannan ya sake cusa takardar tsakanin yatsun nan biyu, ya matse su da hannun dama, ya danna farcen har ya huda. Ya koma ya kama wuyan hannun hagu, ya fara jawowa zuwa ƙirjinsa.

Takardar ta tsage faɗin ƙwayar shinkafa, ta tsaya. Hannun na rawa. Ya huta, ya sake ja. Ta ƙara kaɗan. Gwana tana jin motsin a ƙarƙashin tafinta, kowane ja da kowace tsayawa, kuma tana jin yadda hannunta ke son ya ɗan tura ya rage masa hanya. Ta cije leɓe ta ƙara dannewa. Sau biyu takardar na kuɓuce masa, sau biyu yana mayarwa da kansa. A waje bas ta wuce, wata ta sake wucewa. Kyanwa ta shigo ta zauna a bakin ƙofa da ƙwallon robar a gabanta.

Da ya iso ƙasa takardar ta rabu, ɓarin hagu ya tafi da hannunsa, na dama ya zauna a ƙarƙashin nata. Ta ɗaga tafinta.

Farin yana hagu. Mai faɗi ne, ya ma fi na da, amma bai tafi sumul ba. Duk inda hannun ya tsaya ya huta akwai ɗan tudu, duk inda ya yi rawa akwai 'yan haƙora, tun daga sama har ƙasa.

Bahago ya duba ya taɓe baki. Muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan ma ba nawa ba ne."

Ta ɗauki guntun ta kai kan allo, ta gwada shi a giɓin sama, ta ɗage, ta gwada a na ƙasa, sannan ta tura shi har farin gefen ya taɓa jan nan mai kaifi. Ta ja baya. Jan da ya yi kwana biyar yana tsaye shi kaɗai ya samu abin jingina. Idonta ya ciko, ta bar shi ya zubo, ba ta nemi banɗaki ba.

"Bahago, duba."

Ya duba. Ya karkata kai hagu, kamar yadda maƙwabta ke yi. "Matsar da shi sama kaɗan."

Ta matsar.

"Ya isa."

Sai ta jawo kwalbar gam, ta tsoma buroshi, ta ɗaga guntun ta shafa masa a baya.

"Kai, Gwana! Kwana ukun fa?"

"Na jira wata bakwai," in ji ta. Ta liƙa, ta bi da gefen tafinta tana shafawa daga tsakiya zuwa baki, ta kiyaye farin kada gam ya taɓa shi.

Ya bi hannunta da kallo. Can ya ƙirga giɓin da suka rage a allon da ido, leɓensa na motsi. Ya dubi gwangwani a gefen tebur, ba komai a ciki. Ya ɗauko hannun hagu ya sake ɗora shi a inda yake ɗazu.

"Saura goma," ya ce. "Sauko mini da waccan mai hasken. Kuma ki danne da kyau, ɗazu na ji kina son turawa."